Waiwaye: Ben Shneiderman da tarihin binciken mu'amalar mutum da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ɗora yatsa a allon wayarsa yana rubuta saƙo, ya ga yatsan ya sauka a kan maƙwabcin harafin da yake nufi, ya ɗan zame shi kafin ya ɗaga, to ya yi amfani da wata dabara da aka gwada aka wallafa tun 1988 a Jami'ar Maryland ta Amurka. Ɗakin binciken da aka yi aikin na Farfesa Ben Shneiderman ne, wanda tarihin aikinsa na jami'a ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin fannin mu'amalar mutum da kwamfuta, wato ilimin tsara na'ura yadda za ta dace da hannu da ido da tunanin mai aiki da ita.

An haifi Shneiderman a birnin New York a 1947, ya kammala digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Stony Brook a 1973, sannan ya koma Maryland da koyarwa a 1976. A wancan zamani kwamfuta kayan ƙwararru ce. Sai mutum ya haddace umarni ya rubuta shi daidai, idan ya yi kuskuren waƙafi ɗaya na'urar ta ƙi aiki, kuma laifin nasa ne, ba na wanda ya tsara ta ba. Abin da Shneiderman ya shigo da shi shi ne aron hanyar gwaji daga masana halayyar ɗan Adam: a tara mutane, a ba su aiki, a auna lokacin da suka ɗauka, a ƙirga kurakuransu. A 1977 shi da abokan aikinsa sun gwada zanen matakai da ake tilasta wa masu koyon rubuta manhaja su yi kafin su fara aiki, suka tarar cewa waɗanda suka yi amfani da zanen ba su fi waɗanda ba su yi ba. Sakamakon ya ci karo da abin da malamai suka daɗe suna koyarwa, ya kuma nuna cewa al'adar da kowa ya yarda da ita ma tana bukatar a auna ta.

Fannin ya samu gindin zama a 1982, lokacin da aka yi wani taro a garin Gaithersburg na jihar Maryland, wanda Shneiderman na cikin masu shirya shi, kuma mutum sama da 900 suka halarta. Daga nan ne taron shekara-shekara da ake kira CHI ya samo asali, wanda a yau shi ne babban dandalin masu binciken wannan fanni. A shekarar da ta biyo baya ya kafa ɗakin binciken da ya shugabanta har zuwa 2000, ya kuma wallafa maƙalar da ta fayyace abin da ya kira sarrafawa kai tsaye. Ginshiƙanta su ne abin da ake aiki a kansa ya kasance a bayyane koyaushe, a taɓa shi ko a ja shi maimakon rubuta umarni, a ga sakamako nan take, kuma a iya warware abin da aka yi. Adalci ne a ce ba shi ya ƙirƙiro waɗannan abubuwa ba, domin injiniya Douglas Engelbart ya nuna linzamin kwamfuta tun 1968, injiniyoyin kamfanin Xerox kuma sun gina na'urori masu ƙananan hotunan da ake dannawa a allo kafin maƙalar ta fito. Gudummawarsa ita ce bayyana dalilin da ya sa suke yi wa mutane sauƙi, ta yadda za a iya koyar da shi a aji a kuma gwada shi.

A ganina, aikin allon taɓawa ne ya fi nuna yadda binciken jami'a ke shiga rayuwar mutane. Allunan farko suna zaɓar abu ne da zarar yatsa ya sauka, shi ya sa sai an yi maɓallai manya-manya, kuma aka yanke cewa allon taɓawa ba zai yi aikin da ke bukatar saiti ba. Masu binciken Maryland suka juya lamarin. Idan yatsa ya sauka, sai wata 'yar alama ta bayyana a ɗan samansa don kada ya rufe ta, mutum ya zame yatsan har alamar ta hau inda yake so, ba za a zaɓi komai ba sai ya ɗaga. Da wannan ɗan sauyi, gwajin da ya yi da ɗalibinsa Andrew Sears ya nuna ana iya zaɓar abubuwa ƙanana ƙwarai, aka kuma gwada ƙananan madannan rubutu a kan allo. Mai rubuta Hausa a waya, wanda ke danne harafin k ya jira ƙ ta fito ya zame ya saki, da wannan ƙa'ida yake aiki. Sai dai an yi kusan shekara ashirin kafin iPhone ta fito a 2007 ta kai irin wannan rubutu hannun miliyoyin jama'a. Wani bidiyo da abokiyar aikinsa Catherine Plaisant ta yi a farkon shekarun 1990, na maɓallan da ake zamewa da yatsa, ya sake bayyana a shari'ar Apple da Samsung a matsayin hujjar cewa dabarar zamewa ta riga haƙƙin mallakar da ake jayayya a kai.

Wata ƙirƙirar tasa ta fito ne daga matsalar cikin gida. A 1990 mutum 14 ne ke raba faifan ajiya guda mai megabait 80 a ɗakin binciken, kuma duk sanda ya cika ba a san fayilolin wa suka cinye wurin ba. Sai ya yi tunanin a yanka allo zuwa murabba'ai, kowane fayil ya samu fili gwargwadon girmansa, kamar gonar gado da aka raba, ta yadda da kallo ɗaya za a ga wanda ya fi cin wuri. Ya sa wa zanen suna Treemap, kuma a yau ana nuna kasafin kuɗi da hada-hadar kasuwar hannayen jari da shi. Haka kuma Christopher Ahlberg, ɗalibi daga Suwidin da ya yi aiki tare da shi kan tace bayanai ta hanyar jan maɓalli, ya koma gida ya kafa kamfanin Spotfire a 1996, wanda kamfanin manhaja na TIBCO ya saya a 2007.

A jami'a ana auna malami da yawan maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su, kuma ta wannan ma'auni Shneiderman na sahun gaba, har an zaɓe shi cikin Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka a 2010. Amma ma'aunin ba ya kama irin tasirin da aka bayyana a sama, domin dabarar da ta yi nasara a wannan fanni narkewa take yi cikin na'ura har a manta cewa wani ne ya zauna ya gwada ta.

Akwai kuma muhawarar da har yau ba a rufe ba. A 1997 ya yi muƙabala a bainar jama'a da Pattie Maes, malama a jami'ar fasaha ta MIT, wadda ke ganin bayanai sun yi yawan da dole mutum ya wakilta manhaja mai wayo ta yi masa wasu ayyuka. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa ragamar ta zauna a hannun mutum, ya san abin da na'ura za ta yi kafin ta yi, domin shi ne zai ɗauki alhakin sakamakon. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya dawo da wannan jayayya sabuwa fil, kuma a littafin da ya fitar a 2022 ya nuna cewa ba dole ba ne ƙaruwar aikin na'ura ta rage ikon mutum. Ya kawo misalin kyamarar waya, wadda ke daidaita haske da saiti da kanta, amma mai ita ne ke zaɓar abin da zai ɗauka da lokacin da zai danna.