Biskit ɗin Citta Mai Laushi na Kirsimeti

Biskit ɗin citta mai laushi abin gashi ne da ake yi da fulawa, bota, kayan ƙamshi da wani zaƙi mai ruwa-ruwa, ko dai zuma ko baƙin ruwan raken nan mai kauri da ake kira molasis. A Turai da Amurka ta Arewa an fi gasa shi a makonni huɗun da ke kafin Kirsimeti. Turawan Ingila da Amurkawa suna ce masa gingerbread, Jamusawa Lebkuchen, mutanen Folan kuma piernik. Danginsa na da yawa, kuma da dama daga cikinsu masu tauri ne. Pepparkakor na Suwidin siriri ne, ƙaras yake karyewa a haƙori, kwaɓin da ake gina 'yan gidajen ado da shi kuwa da gangan ake ƙafar da shi don bangon ya iya ɗaukar rufi. Abin da ya raba mai laushin da su shi ne ruwan da ya rage a cikinsa bayan ya fito daga wuta. Kusan duk ƙa'idojin yin sa, tun daga awon kaya har zuwa ajiya, dabarun tsare wannan ruwan ne.

Asali

Kalmar gingerbread ta samo tushe daga tsohon Faransanci, gingebras, wato citta da aka adana da zaƙi. Daga baya bakin mutanen Ingila ya lanƙwasa ƙarshenta ta yi kama da kalmarsu ta burodi. A ƙasar Jamus an sami ambaton masu yin Lebkuchen a birnin Ulm a 1296, sannan a Nuremberg a 1395. Nuremberg ce ta yi fice, don ta haɗa abu biyu: dajin da ke kewaye da ita cike yake da masu kiwon zuma, kuma fataken da ke haurowa da kirfa da kanumfari daga birnin Venice na Italiya ta nan suke bi. A 1487 Friedrich na Uku, sarkin daular da Jamus ke ciki a lokacin, ya raba wa yaran birnin kusan 4,000 Lebkuchen mai ɗauke da hotonsa. A 1643 masu sana'ar suka sami izinin kafa ƙungiyarsu ta kansu, kuma tun 1996 dokar Tarayyar Turai ta hana a sa wa wani kaya suna Nürnberger Lebkuchen sai in a cikin birnin aka yi shi.

A Ingila da Amurka molasis ne ya ture zuma, saboda ya fi ta araha nesa ba kusa ba tun da gonakin rake na tsibiran Karebiyan suka fara cika kasuwa da shi. Da bekin soda ya yaɗu a kicin-kicin a ƙarni na 19, sai biskit ɗin da ake murzawa a yanke shi da siffar mutum ko tauraro ya bazu, kuma shi ne aka fi sani a yau. Ɗanɗanon gefen biyu ma ya rabu: a na Jamus kirfa ce ke gaba, wani lokaci ma cittar ba ta wuce ɗan barbaɗe ba, a na Ingila da Amurka kuwa citta ce uwar tafiya.

Abin da ke kawo laushin

Farin sukari idan ya narke a wuta ya huce, komawa yake yi ya daskare, shi ya sa biskit ɗin da aka yi da shi zalla yake ƙaras-ƙaras. Zuma da molasis suna ɗauke da wani nau'in sukari, furuktos, wanda ba ya saurin daskarewa, kuma yana riƙe ruwa, har yakan zuƙo danshi daga iska. Ban da haka su kansu da ruwa suke zuwa: zuma wajen kashi 17 cikin 100, molasis kuma fiye da kashi 20. Jan sukarin da ake haɗawa da su farin sukari ne da aka bar masa ɗan molasis, don haka shi ma taimakawa yake yi.

Molasis iri-iri ne, gwargwadon sau nawa aka tafasa ruwan raken aka kwashe sukari. Na tafasar farko da na biyu su ne na biskit. Na uku, wanda ake kira blackstrap, baƙi ne ƙirin, da ɗaci da gishiri-gishiri, zaƙinsa kaɗan, kuma yakan ba da biskit busasshe mai ɗanɗanon ƙonanne. Wanda ba shi da molasis zai iya narka mazarƙwaila giram 140 a ruwa mililita 45 a kan wuta kaɗan, ya tace saboda tsakuwa da ɓawon rake, ya ƙara ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami. Launin ba zai kai duhun na molasis ba, amma laushin yana zuwa daidai. In zuma za a sa, a rage sukari da kamar giram 30, a kuma sauke wuta da digiri 10, don zuma tana saurin ƙonewa.

Bekin soda aiki biyu yake yi. Yana haɗuwa da ɗan tsamin da ke cikin molasis ya fitar da iskar da ke ɗaga kwaɓi, sannan yana sa biskit ya yi ja sosai a wuta. Bekin foda ba ya maye gurbinsa sosai, biskit ɗin zai fito fari-fari da ɗan tsami a bayan harshe.

Kayan haɗi da awonsu

Awon da ke fitar da biskit 24 zuwa 28 masu tsawon santimita 9 ko 10 shi ne: fulawa giram 420, bota giram 150, jan sukari giram 140, molasis giram 180, ƙwai babba 1, bekin soda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kayan ƙamshi kuma garin busasshiyar citta babban cokali 1, kirfa ƙaramin cokali 2, kanumfari rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi kwatan ƙaramin cokali. Wasu sukan ƙara ɗan masoro, abin da yatsu biyu za su iya tsinka, don yajin ya daɗe a maƙogwaro.

A auna fulawa da sikeli. Kofi ɗaya na iya ɗaukar giram 120 in an zuba ta a sake, ya ɗauki 150 in an danna, to a kofi uku da rabi bambancin ya kai giram 100, kuma wannan kaɗai ya isa ya mai da biskit mai laushi ya zama katako.

Busasshiyar citta ake so. Idan citta ta bushe, sinadarin yajinta, jinjarol, yana rikiɗewa zuwa shogawol, wanda ya fi shi zafi, kuma wannan zafin ne ke iya ratsa bota da sukari ya iso harshe. Ɗanya tana da ƙamshi mai daɗi amma tana ƙara ruwa a kwaɓi, yajinta kuma yana laushi a wuta. Irin cittar da ake nomawa a kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kafanchan, a tsaga a shanya a fitar da ita ƙasashen waje, an san ta da ƙarfin yaji, wanda ya daka ta da kansa sai ya fara da ƙaramin cokali 2 ya ɗanɗana kwaɓin. Kanumfari kuwa shi ne mai rigima. Man da ke cikinsa yana kashe harshe, da ya ɗan wuce ƙima sai ya danne sauran, biskit ya koma ɗanɗanon maganin ciwon haƙori.

Yadda ake yi

A fitar da bota daga firji ya saki, har yatsa ya iya lotsa shi amma bai fara ƙyalli ba. A buga shi da jan sukari minti 2 zuwa 3. Kada a wuce haka, don iska mai yawa a kwaɓi tana sa biskit ya kumbura a wuta ya ɓata siffa. A zuba molasis da ƙwai a ci gaba da bugawa. A nan haɗin yakan yi kamar ya tsinke, kamar nonon da ya barke, kuma ba komai ba ne, fulawa za ta haɗe shi. A wani kwano a tankaɗe fulawa da soda da gishiri da kayan ƙamshi tare, don kada soda ya taru wuri guda. A zuba su kashi biyu ko uku, ana juyawa a hankali, da farin fulawa ya ɓace sai a tsaya. Yawan murza yana tayar da danƙon alkama, wanda ake nema a burodi amma yake kawo tauri a biskit.

Kwaɓin zai fito da laushi yana manne wa hannu. Nan ne mafi yawan masu koyo suke kuskure, su ga kamar ya yi ruwa su ƙara fulawa. Sanyi ne maganinsa. A raba shi biyu, a baje kowanne ya yi faɗi kamar faifai, a naɗe a leda a sa a firji aƙalla awa 3, in da hali ya kwana. A wannan zaman bota yana daskarewa, fulawa tana shanye ruwan molasis, kayan ƙamshi kuma suna ratsa ko'ina. Kwaɓin yana iya kwana 3 a firji, a firiza kuma wata 3.

A kunna oben ya kai digiri 175 a ma'aunin Salshiyos, ko 160 in mai fanka ne. A ɗauko faifai ɗaya, a bar ɗayan a sanyi. A murza shi a kan takardar gashi da ɗan barbaɗen fulawa har kaurinsa ya zama milimita 6. Wannan kaurin ba abin wasa ba ne: a milimita 3 zafi yana ratsa biskit ɗin gaba ɗaya ya ƙafe shi kafin gefe ya nuna. A tsoma abin yanka a fulawa, a yanka siffofin kusa da juna, a jera a tire da tazarar santimita 2 zuwa 3. Ragowar a haɗa a sake murzawa, amma kada ya wuce sau biyu. Bota yana narkewa tun wajen digiri 32, don haka a kicin mai zafi sai a mai da tiren firji minti 10 kafin a sa a wuta.

Gashin minti 8 zuwa 10 ne, ƙanana su yi 7. Launi ba ya nuna ko ya gasu a nan, tunda kwaɓin dama ja ne. Abin dubawa shi ne saman ya daina ƙyalli, gefe ya tsaya, in an taɓa tsakiya da yatsa ya ɗan lotsa ya taso a hankali. Zai yi kamar bai gama ba, kuma haka ake so, don zafin tire yana ƙarasa shi. A bar shi minti 5 a kan tiren, sannan a kwashe zuwa ragar waya ya huce. Minti 2 na ƙari a oben sun isa su raba shi da laushinsa.

Inda yake lalacewa

Idan siffofin suka baje suka manne da juna, kwaɓin bai yi sanyi ba, ko an jera shi a tire mai zafi, ko soda ya yi yawa. Yawan soda kuma yana barin ɗanɗanon sabulu. Idan kwaɓi yana tsagewa a wajen murzawa, sanyi ya yi masa yawa, a ba shi minti 10 a waje. In ya ci gaba da marmashewa to fulawa ce, a ɗiga masa madara babban cokali 1 a haɗe. Gindi ya ƙone sama bai nuna ba, wannan aikin baƙin tire ne ko an sa shi ƙasa-ƙasa a oben. Biskit mara ƙamshi kuwa galibi tsohon gari ne, don dakakkun kayan ƙamshi suna yin sanyi bayan kamar shekara guda.

Salon Nuremberg

Elisenlebkuchen, wanda ya fi kowanne daraja a Nuremberg, ta wata hanya yake samun laushinsa. Ƙa'idar abinci ta Jamus ta ce dole aƙalla kashi 25 cikin 100 na kwaɓinsa ya zama almon, hazelnot ko walnot, wato 'ya'yan itace masu mai kamar gyaɗa, fulawa kuma kada ta wuce kashi 10. Da yawa ma babu fulawa ko kaɗan. Ana buga ƙwai da sukari da ɗan zuma, a zuba niƙaƙƙun 'ya'yan itacen nan masu mai, da ɓawon lemo da na lemon tsami da aka dafa a sukari aka yayyanka. Kwaɓin ba ya murzuwa, cokali ake sa a ɗora shi a kan wata siririyar farar waina da ake kira Oblate, mai faɗin santimita 7 ko 9, a shafe saman da wuƙa mai ruwa, a gasa kamar minti 20 a wuta marar ƙarfi. Wainar ce ke hana shi manne wa tire, kuma da ita ake ci.

Tsoffin masu sana'ar suna da wani kwaɓin na zuma da fulawa da sukan haɗa tun kaka, su rufe a wuri mai sanyi makonni ko watanni har ya ɗan yi tsami. Abin tayar da shi biyu ne. Pottasche, wanda asalinsa daga tokar itace ake tace shi, ɗan'uwan ruwan tokar da ake sa wa miya ne, yana sa kwaɓi ya yi faɗi. Hirschhornsalz kuma gishirin amoniya ne mai ɗaga shi sama. Yana tarwatsewa da zafi ya wuce digiri 60, ya cika kicin da wari mai hawa kai, warin kuma yana fita ne kawai in abin da ake gasawa ba shi da kauri. Ana narka kowannensu daban a ɗan ruwa ko madara kafin a zuba.

Ado da ajiya

Don zanen ido da maɓallai, ana buga farin ƙwai 1 da garin sukari mai laushi giram 200 da ɗigon lemon tsami har ya yi kauri, a ɗura a leda a huda ƙarshenta. Sai biskit ya huce sarai ake zana shi, kuma zanen yana son awa 4 zuwa 6 kafin ya bushe a iya jera wani kan wani. Jamusawa sun fi shafa masa ruwan sukari tun yana da ɗumi, ko su lulluɓe shi da cakulan, duka biyun suna rufe saman su hana ruwa fita.

A ajiye shi a gwangwani ko mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, da takarda tsakanin jeri da jeri. Ya fi daɗi a rana ta biyu da ta uku, kuma yana kai mako guda da laushinsa. Lebkuchen na zuma yakan yi makonni. A busasshiyar iska irin ta hunturu, wanda aka bari a buɗe a faranti yana ƙafewa kafin gari ya waye. Wanda ya riga ya yi tauri ana sa masa yankan tuffa ko guntun burodi a cikin gwangwanin, ba tare da ya taɓa biskit ɗin ba, a rufe kwana ɗaya ko biyu. A sauya yankan tuffar duk bayan kwana biyu, in ba haka ba sai ta yi fumfuna.