Waiwaye: Diyyar Yaron da Babbar Mota Ta Take, Daga Kotunan Ingila Zuwa Namu

Duk wanda ke zaune a garin da babbar hanya ta ratsa ya san yadda abin yake faruwa. An aiki yaro sayen sukari, ko yarinya ta ɗauko farantin talla, tirela ta karyo kwana, tayar baya ta hau gefen titi. Kafin la'asar an yi jana'iza. Sai bayan sadakar uku wani daga cikin dangi zai tambaya: shin akwai haƙƙin da za a nema? Akwai, amma an daɗe ana jan igiya kafin doka ta amince da hakan.

Dokokin da manyan kotunan Najeriya ke amfani da su a wannan fanni daga Ingila suka samo tushe, kuma can ma da baya suka faro. A 1808, a shari'ar Baker da Bolton, alƙali Lord Ellenborough ya yanke cewa ba a kawo ƙarar neman diyya a kan mutuwar mutum. Ma'ana, wanda ya karya maka ƙafa zai biya, wanda ya kashe ka kuwa ba ya biyan iyalinka ko anini. Da jiragen ƙasa suka yawaita, haɗurra suka ƙaru, sai majalisa ta yi dokar 1846, wadda ake kira dokar Lord Campbell. Ta bai wa mata, miji, iyaye da 'ya'yan mamaci damar kai ƙara cikin wata goma sha biyu. Sai dai a 1852 kotu ta fassara ta da cewa asarar kuɗi kaɗai ake biya, baƙin ciki ba ya shiga lissafi.

A nan aka bar yara a baya. Magidanci yana da albashi, ana iya lissafa abin da iyali suka rasa. Yaro kuwa shi ake ciyarwa. A 1913, a shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Taff Vale da Jenkins, an biya iyayen wata 'yar shekara 16 da ta kusa kammala koyon ɗinki, domin akwai kyakkyawan zaton za ta tallafa musu. Amma a 1921, a shari'ar Barnett da Cohen, mahaifin wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu ya tashi hannu rabbana, kotu ta ce taimakon da yake sa rai hasashe ne kawai. A 1941, a shari'ar Benham da Gambling, wadda ta shafi yaro ɗan shekara biyu da rabi da ya rasu a haɗarin mota, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta rage diyya daga fam 1,200 zuwa fam 200. Sai a 1982 Ingila ta shigo da kuɗin raɗaɗin rashi, fam 3,500, wanda ya koma fam 15,120 a 2020. A Amurka, kotun ƙolin jihar Michigan ta yi watsi da tsohon ma'aunin a 1960, a shari'ar Wycko da Gnodtke, inda ta ce ma'auni ne na zamanin da ake sa yara ƙwadago a masana'antu.

Shari'ar Musulunci ta bi wata hanya daban tun fil azal. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000, ko dirhami 12,000 a mazhabar Malikiyya. Dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara uku, a raba wa magada kamar gado. Ba a rage ta don mamacin yaro ne, domin ba abin da yake samu ake aunawa ba, rai ne aka rasa. Magada na da ikon yafewa, amma yafiyar ba ta ɗauke kaffarar azumin wata biyu a jere daga wuyan direba. Dokar haɗurran da suka jawo mutuwa ta Jihar Arewa, ta 1956, ta lura da wannan: idan mamaci Musulmi ne, waɗanda ke da rabo a diyya su ne iyalan da ake kai ƙara dominsu.

A babbar kotu abu huɗu ake tabbatarwa: direba na da nauyin kiyaye masu tafiya a ƙasa, ya yi sakaci da nauyin, sakacin ne ya jawo mutuwar, kuma iyali sun yi asara. Na farko ba a cika jayayya a kansa ba. A kan na biyu ake gumurzu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka burki, ya riga ya wuce mita 20, sannan burkin iska na buƙatar ɗan lokaci kafin ya kama, ga nauyin kaya na turo shi. Shi ya sa gudun da ake gani daidai ne a daji yake zama ganganci a bakin kasuwa ko ƙofar makarantar allo. Haka kuma akwai wuraren da direba ba ya gani daga kujerarsa: dab da hancin motar, gefen yaron mota, da bayanta. Yaron da tsayinsa bai kai taya ba yana ɓacewa gaba ɗaya a nan. Idan madubi ya fashe ba a sauya ba, ko aka yi ribas babu mai duba baya, ko taya ta suɗe, ko aka yi lodi fiye da kima, ko direba ya kwana yana tuƙi, duk hujjoji ne. Kuma ba direba kaɗai ake kai ƙara ba; mai motar da ya ɗauke shi aiki yana ɗaukar alhakin abin da ya yi a bakin aiki, kuma yawanci shi ne mai abin biya.

Kariyar da aka fi ji ita ce “yaron ne ya faɗo titi da gudu”. Kotuna ba sa auna yaro da hankalin babba. A 1966, a shari'ar Gough da Thorne a Ingila, alƙali Lord Denning ya ce ƙaramin yaro ba a ɗora masa laifin sakaci, wanda ya ɗan tasa kuma ana duba abin da ake tsammani daga sa'anninsa. Ko an sami yaron da wani kaso na laifi, rage diyya ake yi gwargwadon kason, ba a soke ta.

Inshorar da ke biyan wanda mota ta buge dole ce a Najeriya tun dokar 1945, kuma iyakar kuɗin da ake sanyawa ta shafi ɓarnar dukiya ce, ba rai ba. Duk da haka iyalai da yawa ba sa ganin ko kwabo, kuma galibi a kwanaki ukun farko ake asarar shari'ar. Ana binne yaro babu takardar likita mai nuna sanadin mutuwa. Matasa su fusata su banka wa motar wuta, alhali burkinta da tayoyinta ne jami'in binciken ababen hawa zai duba ya rubuta rahoto. A janye mota kafin 'yan sanda su zana taswirar wurin su auna sawun burki a kwalta. A rubuta lambar bodi a manta da ta kan mota, alhali sau da yawa lambobin daban ne, wani lokaci masu su ma daban. Takardar inshora ta fito ta jabu. Ko kuma a kira mahaifi ofishin 'yan sanda yana cikin ɗimuwa, a miƙa masa kuɗin ta'aziyya, ya dangwala hannu a takardar da ke cewa ya janye duk wata ƙara. Sulhu alheri ne, amma wanda bai san adadin haƙƙinsa ba bai san abin da ya yafe ba.

Tuhumar direba da tuƙin ganganci shari'ar gwamnati ce. Ko an ɗaure shi, ƙarar neman diyya daban take, iyali ne ke shigar da ita. Tana kuma da wa'adi, yawanci shekara uku daga ranar rasuwa. Idan motar ta wata hukumar gwamnati ce, lauyanta na iya kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati, wadda wa'adinta wata uku ne kacal, kuma watannin nan kan ƙare tun ana karɓar masu zuwa gaisuwa.