Horar da malaman harsunan waje na sakandare bayan digirin farko

Wannan horo kwas ne da mai digirin farko yake shiga domin samun shaidar koyar da wani baƙon harshe ga ɗaliban sakandare, wato 'yan shekara 11 zuwa 18. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, kuma kaso mafi tsoka na lokacin a cikin aji ake cinye shi, gaban yara, ba a zauren lacca ba. Dalilin kafa shi kuwa shi ne iya harshe daban, iya koyar da shi daban. A 1986 masanin ilimi ɗan Amurka Lee Shulman ya bayyana wannan rata, inda ya nuna cewa akwai wani sani na musamman da malami ke buƙata: sanin yadda zai sarrafa darasi har ya shiga kan wanda bai taɓa jin sa ba.

Sharuɗɗan shiga

Sharaɗi na farko shi ne digiri a harshen, ko wata hujja mai ƙarfi ta ƙwarewa a cikinsa. A Turai ana yawan aunawa da ma'aunin ƙwarewar harshe da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma abin da aka fi nema ga malamin sakandare shi ne C1 ko sama da haka. A Ingila ana kuma buƙatar sakamakon GCSE, wato jarrabawar da ɗaliban sakandare ke zanawa a kusan shekara 16, mai maki 4 a Turanci da lissafi. Makarantu sun fi son mai harshe biyu, misali Faransanci da Sifaniyanci, domin da wuya harshe guda ya cika wa malami jadawalin mako. Wanda harshensa na biyu ya yi rauni yakan yi gajeren kwas na ƙarfafa shi kafin a fara horon. Sukotland ta ƙara da nata sharaɗin, cewa sai mutum ya zauna na wasu watanni a ƙasar da ake jin harshen.

Yadda ƙasashe suka tsara shi

A Ingila hanyar da ta fi shahara ita ce PGCE, wato kwas na shaidar koyarwa bayan digiri, wadda ake yi cikin shekarar karatu ɗaya. Dole ɗalibi ya yi aƙalla kwana 120 a makarantu, kuma a makarantu biyu daban-daban, ƙarƙashin wani gogaggen malami da ke duba darasinsa yana yi masa gyara. Wanda ya cika ƙa'idoji yana samun matsayin ƙwararren malami da ake kira QTS. Tun Satumbar 2021, sabon malami yana ƙara shekara biyu a ƙarƙashin kulawa, da rangwamen awannin koyarwa.

Faransa ta bi ta hanyar jarrabawar gasa. Jarrabawar CAPES, wadda aka kafa a 1950, ita ce ƙofar zama malamin sakandare na gwamnati, kuma guraben da ake bayarwa ƙayyadaddu ne a kowace shekara. Cibiyoyin INSPE, da suka samu wannan suna a 2019, su ke ba da horon. A Jamus kuwa tafiyar ta fi tsawo: malami yana karanta darussa biyu har matakin digiri na biyu, sannan ya yi zangon gwajin aiki na wata 12 zuwa 24 gwargwadon jiha, ya rufe da jarrabawar gwamnati.

Abin da ake koya

Ana soma wa ɗalibi da tarihin dabarun koyarwa, don ya san inda rigimar da ake yi kan hanyar da ta fi dacewa ta samo asali. Tsohuwar hanya ita ce haddar nahawu da fassara, wadda aka gada daga koyar da Latin. Daga baya aka zo da hanyar magana da baƙon harshe zalla, irin ta makarantun Berlitz da suka fara a 1878. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma maimaici da kwaikwayon jimloli. Daga shekarun 1970 sai hankali ya karkata ga sadarwa, wato yaro ya iya biyan buƙatarsa da harshen ko da bai gama sanin ƙa'ida ba. Kowace daga cikinsu ta bar gado a ajin yau, kuma babu wadda ta wadatar ita kaɗai. Wani bita kan koyar da harsuna da shugaban makaranta Ian Bauckham ya jagoranta a Ingila a 2016 ya sake dawo da nauyi kan abubuwa uku: furuci, kalmomi da nahawu.

Batun kuskure yana da babban gurbi. A 1967 masanin harshe Pit Corder ya nuna cewa kuskuren mai koyo ba ɓarna ba ne kawai, alama ce ta inda fahimtarsa ta kai. Saboda haka ake koya wa malami ya bambance kuskuren da za a gyara nan take da wanda za a kawar da kai a kansa, don kada yaro ya ji kunya ya ɗinke bakinsa. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin. Ɗan shekara 13 ya gwammace ya yi shiru da ya furta baƙon sauti abokansa su yi masa dariya, kuma darasin harshe ba ya tafiya da shiru.

Sai muhawarar da ba ta ƙarewa: wane kaso na darasi za a yi da baƙon harshen? Malami mai koyo yakan gano cewa umarni irin su "ku buɗe littafi" suna tafiya lafiya da baƙon harshe, amma bayanin jinsin suna ko sauyin aikatau yakan fi sauri da harshen da yara suka sani. Ana kuma horar da shi kan tsara darasi, riƙe aji, auna sauraro da magana da karatu da rubutu, da shirya yara don jarrabawa.

Wani abin lura shi ne wanda aka haifa da harshen ba lallai ya fi samun sauƙi ba. Bafaranshe yana amfani da ƙa'idojin harshensa ba tare da ya taɓa tunanin dalilinsu ba, har sai yaro ya tambaye shi. Wanda ya koyi harshen da gumin goshi ya san ramukan hanya, sai dai shi kuma yana fama da raya harshensa kada ya yi tsatsa.

Ƙarancin malamai

Ingila ta daɗe ba ta samun adadin masu shiga horon da take nema. A 2004 aka cire tilascin koyon harshe ga 'yan shekara 14 zuwa 16, masu zana jarrabawar suka ragu, sassan harsuna a jami'o'i da dama suka rufe, abin da ya rage masu digirin da za su zama malamai. Jamusanci ya fi jin jiki, Sifaniyanci kuma ya yi ta hauhawa. Domin cike gurbin, gwamnati tana ba da tallafin kuɗi ga masu horon harsuna, kuma makarantu suna dogara sosai da malamai 'yan ƙasashen waje.