Waiwaye: Yadda Aka Koyi Kiwon Ƙwayoyin Lantarki da Maganaɗisu

A shagunan masu gyaran rediyo da talabijin na Birnin Kebbi har yau ba a rasa tsofaffin talabijin masu ƙeya jibge a kusurwa, ƙura ta lulluɓe su tun da masu shafaffen gilashi suka kore su daga ɗakunan mutane. Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara sa'ad da ya kwance bayan ɗaya daga cikinsu zai tuna da wani naɗin jan waya da ya shaƙe wuyan kwalbar, wanda masu sana'ar suke kira yok. A can ƙarshen wuyan akwai wata 'yar bindiga mai feso ilektiron, wato ƙwayoyin lantarki masu caji, ƙarfin wuta na wajen bolt 25,000 ya fizgo su zuwa gilashin gaba, shi kuwa naɗin wayar ya zama maganaɗisu, yana kaɗa zirin ƙwayoyin daga gefe zuwa gefe sau 15,625 a daƙiƙa guda har hoto ya fito. Yaran da suka taɓa kara maganaɗisun tsohuwar sifika a fuskar talabijin, suka ga launi ya murɗe ya koma shunayya da kore kafin a kore su da tsawa, sun maimaita gwajin da masana suka faro da shi ne ba tare da sun sani ba.

A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmak ya lura cewa waya mai ɗauke da wutar lantarki tana karkatar da allurar kamfas, wajen 1858 kuma Julius Plücker a birnin Bon na Jamus ya ga maganaɗisu yana gusar da hasken da ke tashi a cikin kwalbar da aka zuƙe mata iska. Dokar da ke ƙarƙashin wannan, wadda ake jingina wa Hendrik Lorentz na Holan, ba ta da tsawo: maganaɗisu ba ya ƙara wa ƙwaya mai caji gudu, ba ya kuma rage mata, sai dai ya tura ta ta gefe, don haka tafiyarta ke zama baka ko da'ira. Ƙwaya mai nauyi ko mai tsananin gudu tana yin faffaɗan lanƙwasa, maganaɗisu mai ƙarfi kuma yana matse da'irar. Da wannan ne J.J. Thomson ya auna ilektiron a Kambirij a 1897, shekarar da Ferdinand Braun ya ƙera kwalbar da ta zama kakar talabijin mai ƙeya, da shi ne kuma Francis Aston ya tace ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu a 1919.

Lanƙwasa zirin ƙwayoyi ke nan, kuma a ganina shi ne ɓangare mai sauƙi a tarihin. Wahalar tana wajen riƙe zirin kada ya watse. Ƙwayoyi masu caji iri ɗaya tunkuɗe juna suke yi, kuma ba duka suke fitowa a kan saiti ɗaya ba, saboda haka mai sarrafa su yana cikin halin makiyayin da zai ratsa da garke ta burtali a tsakiyar damina, gonaki dama da hagu, kowace saniya tana neman inda za ta ɓulle. A 1926 Hans Busch ya nuna cewa gajeren naɗin waya yana iya tattara ilektiron wuri ɗaya kamar yadda gilashin tabarau ke tattara hasken rana, kuma a kan wannan Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron a Balin a 1931. Sai a 1986 aka ba Ruska lambar Nobel, bayan shekara 55.

A Amurka kuwa, Ernest Lawrence na jami'ar Kalifoniya da ke Bakali ya yi tunanin da duk yaron da ya taɓa korar tsuntsu da majajjawa a gonakin shinkafar Argungu zai fahimta nan take: maimakon a gina doguwar hanya miƙaƙƙiya domin ƙara wa ƙwaya gudu, a sa maganaɗisu ya riƙa juya ƙwayar a da'ira, a dinga ƙara mata bugu da wutar lantarki a kowane zagaye, sai ta ƙoshi da gudu a sake ta. Na'urar farko, saikulotiron, wadda ɗalibinsa Stanley Livingston ya sa ta yi aiki a farkon 1931, faɗinta bai kai inci 5 ba, ana iya ɗora ta a tafin hannu. Kafin shekara goma ana maganar mai faɗin inci 184. Yaƙin Duniya na Biyu ya karkatar da wannan fasaha zuwa tace yuraniyam na bam a Oak Ridge, inda ƙarancin jan ƙarfe ya sa aka ranto azurfa tan 14,700 daga baitulmalin Amurka aka naɗa wayoyin maganaɗisun da ita.

Bayan yaƙi girma ya zama ciwo. Vladimir Veksler a Tarayyar Sobiyet a 1944 da Edwin McMillan a Amurka a 1945, kowa a nasa ɓangaren, sun gano dabarar da ta haifi sinkirotiron, inda ake jera maganaɗisai a zobe, ana ƙara musu ƙarfi daidai da ƙaruwar gudun ƙwayoyin. Sai dai riƙon da waɗannan maganaɗisai suke yi wa zirin sako-sako ne, ƙwayoyin suna ta yawo sama da ƙasa, dole a yi musu faffaɗan bututu, faffaɗan bututu kuma yana bukatar tulin ƙarfe. Na'urar Dubna ta Rasha, wadda ta fara aiki a 1957, maganaɗisunta ya kai tan 36,000. Da an ci gaba a haka, da kuɗin ƙarfe kaɗai ya tsayar da tafiyar.

A nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina, domin mafitar ta fara ɓullowa ne daga hannun mutumin da ba ya cikin sahun manyan masanan fannin. Nicholas Christofilos injiniya ne a Atina ta Girka, sana'arsa girka na'urar hawa bene da gyaranta, ilimin zarra kuwa da kansa ya koya daga littattafai. A 1949 ya gano cewa idan maganaɗisu ya matse zirin ta gefe da gefe, ko da ya sake shi ta sama da ƙasa, sai na gaba ya yi akasin haka, to jimillar matsa da sakin nan matsa ce mai ƙarfi ta kowace fuska. Dalilin shi ne ƙwayar takan iso wurin mai matsawa tana nesa da tsakiya, inda turin ya fi ƙarfi, ta kuma iso wurin mai saki tana kusa da tsakiya, inda turin ba shi da yawa. Kamar a ce makiyaya ne jere a bakin burtali, kowa sandarsa ta fi samun saniyar da ta fi kaucewa. Christofilos ya nemi takardar mallakar ƙirƙirar a 1950 maimakon ya buga ta a mujallar masana, ya kuma aika da bayaninta Bakali, inda ba a ba ta muhimmanci ba. A 1952 Ernest Courant da Livingston da Hartland Snyder suka sake gano dabarar da kansu a cibiyar Brookhaven da ke jihar Niyok. Da Christofilos ya zo Amurka ya nuna takardunsa, an amince cewa shi ya riga su, aka kuma ba shi aiki a cibiyar.

Amfanin abin bai ɓuya ba. Na'urar da cibiyar CERN, wato cibiyar binciken zarra ta ƙasashen Turai, ta kunna kusa da Janeba a 1959 ta ninka ta Dubna ƙarfi kusan sau uku, alhali nauyin maganaɗisunta wajen kashi ɗaya cikin goma ne na waccan. Daga baya aka raba aikin: maganaɗisu mai baki biyu shi ke lanƙwasa hanya, mai baki huɗu shi ke matse ziri, mai baki shida kuma yana gyara kuskuren da bambancin gudun ƙwayoyi ke jawowa.

Mataki na gaba ya jingina ne a kan abin da Heike Kamerlingh Onnes ya gano a Holan tun 1911, cewa wasu ƙarafa idan sanyi ya kai musu matuƙa wutar lantarki na ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Na'urar Tevatron ta kusa da Shikago ta fara aiki da irin waɗannan maganaɗisai a 1983, sannan babban zoben CERN mai kewayen kilomita 27 ya zo da masu baki biyu guda 1,232, kowane tsawonsa mita 15, ana ajiye su a sanyin da ya kai digiri 271 ƙasa da sifiri. Irin wannan ƙarfi ba ya yafe sakaci. A Satumba 2008, kwana tara da fara aiki, mahaɗar waya ɗaya tsakanin maganaɗisai biyu ta ƙone, aka fitar da maganaɗisai 53 domin gyara, aikin ya tsaya fiye da shekara.

Mai karatu a Jega ko Yauri zai iya cewa wannan duk harkar Turai ce, amma reshen tarihin da ya shiga asibiti ya iso kusa da gida. A 1946 Robert Wilson ya ba da shawarar a yi amfani da firoton, wata ƙwaya mai caji da ke tsakiyar zarra, wajen ƙona ciwon daji, domin yana sauke yawancin ƙarfinsa ne a ƙarshen tafiyarsa, a daidai zurfin da aka auna. Asibitin Loma Linda na Kalifoniya ya fara wannan a 1990, a 1996 kuma cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan ta fara amfani da maganaɗisu wajen yawo da siririn ziri a kan ƙari ɗigo bayan ɗigo. A Afirka, cibiyar iThemba da ke kusa da Keftawun ta fara yi wa marasa lafiya irin wannan magani a 1993. A Najeriya akwai ƙaramar na'urar hanzarta ƙwayoyi a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda ake binciken sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da ita. Majinyacin da aka tura daga Kebbi zuwa Sakkwato ko Abuja domin gashin ciwon daji kuwa, idan aka kwantar da shi ƙarƙashin babbar na'urar da ke juyawa a kansa, a cikin kan irin waɗannan manyan na'urori akwai maganaɗisu mai lanƙwasa zirin ilektiron, a wasu har digiri 270, kafin zirin ya daki ƙarfen da ke fitar da hasken da zai ratsa jiki ya sami ƙarin dajin.