Hutu a Idra, tsibirin Girka da ba mota sai alfadari: tambayoyi da amsoshi

Da an ce tsibirin Girka, Santorini ce ke faɗo wa yawancinmu a rai, fararen gidajen nan masu shuɗiyar ƙubba da ake ta yawo da hotonsu a Instagram. Alhali Girka na da tsibirai kusan 6,000, manya da ƙanana, 227 ne kawai mutane ke zaune a kansu. Ɗaya na ɗauka a ciki, Idra, domin mai neman inda zai huta da gaske, ba inda zai je a yi ta turereniyar ɗaukar hoto ba.

Ina Idra take?

Tana kudu maso yammacin Atina, babban birnin Girka, dab da gaɓar yankin Peloponis. Tsibiri ne siriri mai tsawo, kusan duk dutse, girmansa wajen murabba'in kilomita 50, mazaunansa kimanin 2,000. Gari ɗaya ne na kirki a kansa, ya kewaye tashar jiragen ruwa kamar ƙwarya, gidajen suna hawa tudu bisa tudu. A tikiti da taswira "Hydra" za ka gani a rubuce, amma masu wurin Idra suke cewa.

Sunan daga kalmar ruwa ta tsohon Girkanci ya fito, saboda idanun ruwan da aka ce akwai a da. Yau kuwa sai dai suna. An daɗe ana tara ruwan sama a rijiyoyin gida ana kuma kawo wani a jirgi, daga baya aka kafa injin tace ruwan teku. Baƙo dai ruwan gora yake sha.

Da gaske ne babu mota ko ɗaya?

Doka ce. Ba motar gida, ba tasi, ba babur, ko keke ba a hawa a cikin gari. 'Yan motocin hukuma ne kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, irin na kwasar shara. Ko da ma an halatta, ban ga inda mota za ta bi ba, don da ka bar bakin ruwa titi ya ƙare, sai lunguna da matakalar dutse.

Wa ke ɗaukar kaya ke nan? Alfadarai da jakuna da 'yan dawakai. Ka sauko tasha da sassafe ka ga aiki. Jirgin kaya ya tsaya, ana ta sauke katan-katan na ruwa, buhunan siminti, kwandunan tumatir, wani lokaci har firji ko katifa. Masu dabbobin sun jera su a gefe, kowace da sirdinta na katako. A ɗora nan, a ɗora can, a gyara nauyin don kada ya rinjayi ɓangare guda, a ja igiya a ƙulle, sai a kama hawa. Duk wanda ya tashi a garin da jaki ke kawo yashi da itace ba zai ga baƙon abu ba, sai dai ya yi dariya ganin Turawa sun yi cirko-cirko suna ɗaukar jaki hoto. Akwatinka ma haka za a kai maka shi masauki idan a sama yake. Ka tambayi kuɗin kafin a ɗora. Hawa kuwa, in kana da ƙafa ka bar dabbar ta ji da kaya.

Abin da rashin motar ya haifar shi ne ainihin hajar da Idra ke sayarwa. Kunnenka da ya saba da hon da gurnanin janareta zai yi kwana guda yana neman abin da ya ɓata. Sai ka fara jin ƙarar kofato a kan dutse, da ƙararrawar coci, da cokali na bugun faranti a gidan maƙwabta.

Daga Najeriya ko Nijar, yaya ake zuwa?

Biza tukuna. Girka na cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, don haka bizar Shengen ta ɗan gajeren zama ake nema, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin 180. Kuɗinta ga babba yuro 90 ne tun 2024, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. Ka fara da wuri, watanni kafin tafiya, domin samun ranar ganawa kaɗai kan ci lokaci.

Jirgin sama sai an ya da zango, galibi a Alƙahira ko Istanbul ko Adis Ababa, kafin a sauka Atina. Daga filin jirgin, jirgin ƙasa layi na 3 ko bas mai lamba X96 za su kai ka Pireyas, babbar tashar jiragen ruwa. Daga nan jirgi mai gudu zai sauke ka Idra cikin abin da bai wuce awa biyu ba. Wanda teku ke sa wa jiri ya sha magani kafin ya shiga, kada ya jira sai cikinsa ya fara juyawa.

Wane lokaci ya fi?

Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso da tsada, musamman wajen 15 ga Agusta, babban bikin addinin Girkawa, lokacin da Atina kan kusa zama kango saboda kowa ya tafi tsibiri. Da hunturu kuma otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, jirage ma sun ragu.

To ai na ji an ce cike take da 'yan yawon buɗe ido. Ina shirun?

Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya bayar. Kusancinta da Atina ya sa akwai jiragen da ke kawo mutane yawon yini guda. Su sauka, su cika bakin tasha, su sha askirim, su sayi tsaraba, bayan awa ɗaya ko biyu a busa musu su koma. Wanda ya zo a haka bai ga komai ba.

Shirun na wanda ya kwana ne. Ko a tsakiyar hayaniyar, ka hau matakala na minti goma sai ka tsinci kanka a lungun da ba kowa sai kyanwa kwance a bakin ƙofa, kuma kyanwoyin Idra ba sa ƙirguwa. Ni a ganina duk wanda ba zai yi kwana uku ba, gara ya bar kuɗin jirgin a aljihunsa.

Girkawa ma suna da dokar hana surutu da rana: a watannin zafi, daga ƙarfe 3 zuwa 5:30 na yamma lokacin ƙailula ne. Kada a ji ka a tsakar masauki kana waya da gida da muryar kasuwa.

Me mutum zai yi duk yini?

Tafiya a ƙasa, mafi yawa. Akwai hanya a bakin teku da ke zuwa Kamini, 'yar unguwar masunta, minti 15 zuwa 20, ta zarce Vlihos. Da la'asar sakaliya ya fi daɗi. Mai ƙarfin gwiwa ya yi sammako ya hau zuwa gidan ibadar Annabi Iliya da ke can saman gari, ya kuma ƙarasa ƙololuwar dutsen Eros, mai tsayin mita 588. Ka riƙe ruwa, ba shago a hanya.

Wanka a teku akwai, amma kada ka sa ran farin yashi. Kusa da gari, a Spiliya, daga kan dutse ake sauka ta tsani, kuma ruwan da zurfi tun daga baki. Wanda bai iya iyo ba kada ya gwada. Wuraren da suka fi nisa, irin su Bisti, ƙananan jiragen haya ke kaiwa. Shigar masu wanka kuwa ta Turai ce, wanda abin zai dama ya je da hantsi kafin a cika.

Su waye suka gina manyan gidajen dutse na garin a wurin da ko gona babu?

Matuƙa jiragen ruwa. Ƙasar ba ta noma, sai mutanen suka rungumi teku. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon, sarkin Faransa, sun yi ta ratsa takunkumin da Ingila ta sa a teku suna kai alkama, suka yi kuɗi na ban mamaki. Da yaƙin neman 'yancin Girka ya ɓarke a 1821 a kan Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba), sai suka mai da jiragen fatauci na yaƙi. Andreyas Miyawulis, babban kwamandan ruwa na Girkawa, ɗan Idra ne. Attajiri Lazaros Kunduriyotis kuma ya zuba dukiyarsa a yaƙin, gidansa mai ruwan ɗorawa da ke kan tudu yanzu gidan tarihi ne. Duk ƙarshen watan Yuni ana bikin tunawa da Miyawulis, a cinna wa wani jirgin kwaikwayo wuta a tasha, a yi wasan wuta. Daren nan kam babu zancen shiru.

Musulmi zai samu abin da zai ci? Sallah fa?

Zai samu, in ya buɗe baki ya yi tambaya. Tsiren Girkawa, suvlaki, da ɗan'uwansa giros mai kama da shawarma, yawanci naman alade ne, ko ba a rubuta ba. Ka haddace kalma ɗaya: "hirino", alade. Kaza "kotopulo" ce, rago "arni", kifi "psari". Mai kiyaye yanka ya tsaya a kifi da ganye, kuma ba zai ji yunwa ba. Akwai horiyatiki, haɗin tumatir da kokwamba da albasa da zaitun da cuku. Akwai gigandes, manyan wake a miyar tumatir. Akwai spanakopita, mai alayyahu a ciki. Wata dabara kuma: Kiristocin Girka na da azumin da ba sa cin nama, abincinsa ana ce masa "nistisimo", ko'ina aka san kalmar. Sai dai ka tambaya ko an sa giya a miya, don suna girki da ita. Kada ka ruɗe in an ce maka "ne": a Girkanci "e" ke nan, "a'a" kuma "ohi". Kayan zaƙin garin, amigdalota, na almon ne, wata ƙwayar itace mai kama da gyaɗa, da aka turbuɗa a garin sukari, ya yi tsaraba.

Masallaci babu a tsibirin. Ko Atina sai a 2020 aka buɗe masallacin da hukuma ta gina, a unguwar Votanikos. Ɗakinka ne masallacinka, alƙibla kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare, ka duba lokutan a waya. Ka kuma sa ƙaramar buta a jaka. Ba za ka tarar da ita a banɗaki ba, kuma a yawancin gidaje takarda a kwandon shara ake jefa ta saboda bututun sirara ne.

Akwai tsada?

Akwai. Idra na cikin tsibiran da attajiran Atina da masu zane-zane ke so, kuma komai sai an ɗauko shi a jirgi an ɗora wa dabba. Shayin da ka sha a bakin tasha har da kuɗin kallon teku a ciki. Ɗakunan haya na can cikin lungu sun fi sauƙi, gidan burodi da kantin unguwa kuma za su rage maka kashe kuɗin karin kumallo.

Wa bai kamata ya je ba?

Mai ciwon gwiwa, da mai tura keken jariri, da wanda zai tafi da tsohuwa. In dole ne, kafin ka biya kuɗin ɗaki ka rubuta wa mai masaukin ka tambaye shi matakala nawa ce daga tasha zuwa ƙofarsa. Zai ba ka adadi, don sun saba da tambayar. Idan ya ce 200, ka tuna da cewa duk fitar da ka yi sai ka sake hawa su, har da ta bayan cin abincin dare.