Waiwaye: Yadda Bayanin Littafi Ya Rabu da Littafin

Tun da aka fara tattara littattafan da malamai suka rasu suka bari a Agege da Idi-Araba, ana kai su makarantun Islamiyya da ƙananan ɗakunan karatu na unguwa, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Matasan da suka karanci aikin laburare suna ganin ɓata lokaci ne a zauna ana rubuta wa kowane tsohon littafi bayani tun daga tushe, alhali in ka buɗe Koha, manhajar rajistar littattafan laburare, ka buga sunansa, nan take bayanin da wani laburare na Amurka ko Ingila ya riga ya yi zai sauko maka. Dattawan sana'ar kuwa sun kafe a kan sai an ɗauki littafi a hannu, an juya shi gaba da baya, kafin a yarda da abin da wani ya rubuta a kansa. Mutane da yawa sun ɗauka intanet ce ta haifi wannan rigima, amma rigimar ta girme ta nesa ba kusa ba.

Kwafar bayani ba abin kunya ba ne a wannan sana'a. Tun 1901 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara sayar da katunan katalog bugaggu, kowa ya saya ya jera a akwatinsa. A shekarun 1960 Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC, wanda ya sa kwamfuta ta iya karanta abin da ke kan kati. A 1970 lambar ISBN, wadda ke bambance kowane bugun littafi, ta zama ƙa'idar duniya, a 1971 kuma laburarorin jihar Ohayo ta Amurka suka fara zuba bayanansu a rumbu guda na OCLC, wanda yau ake kira WorldCat. A gida, Laburaren Ƙasa ya buɗe ƙofa a nan Legas a 1964, dokar 1970 kuma ta wajabta wa masu buga littafi su kai masa kwafe. Duk wannan yana cikin darasin ajin farko.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne aikin da aka yi a shekarun 1980 da 1990, lokacin da manyan laburarorin duniya suka tashi haiƙan su mayar da tsofaffin akwatunan katinsu cikin kwamfuta. Katuna ne miliyoyi, kuma babu kuɗi ko lokacin da za a sauko da kowane littafi daga kanta. Don haka aka ɗauki katin kaɗai, ko hotonsa, aka miƙa wa masu buga bayanai, galibi 'yan kwangila da ake biya gwargwadon yawan abin da suka shigar. Mai bugawa zai duba rumbu: in ya ga bayanin da ya yi kama da na katin, sai ya liƙa masa sunan laburaren, in bai gani ba, ya buga abin da ke kan katin yadda yake. Bai ga littafin ba, ba a kuma nemi ya gani ba. A wurare da dama, da aka gama sai aka zubar da katunan, har da ɗan rubutun fensir da wani tsohon ma'aikaci ya yi a gefe cewa wannan bugu na biyu ne, ko shafin farko ya ɓace.

Sabon littafi bai cutu sosai ba, domin lambar ISBN tana raba gardama. Amma littafin da Kamfanin Gaskiya ya buga a Zariya bayan kafa shi a 1945, ko wanda NORLA, hukumar adabi ta Arewa, ta fitar a shekarun 1950, ba shi da wata lamba. Da suna da marubuci da shekara ake gane shi, kuma duka ukun suna da santsi. Littafin makaranta ana sake buga shi sau da yawa, wani lokaci ba tare da an canza shekarar da ke ciki ba. Sunan marubuci kan fito da Malam a wani bugu, Alhaji a wani, sunan garinsu kuma a mayar da shi sunan dangi. Ga haruffan kwamfutar lokacin ba su da ɓ da ɗ da ƙ; a Amurka ƙa'idar lokacin ita ce a sa harafi mafi kusa a ja masa layi biyu a ƙasa, layin kuwa kan ɓace in bayanin ya yi tafiya daga wata manhaja zuwa wata. Waƙoƙin ajami na kasuwa, waɗanda sau da yawa ba shekara ba sunan maɗaba'a, ba wuya a jefa su cikin Larabci.

Ina muke a lokacin? Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, sayen sabon littafi ma ya gagari laburarori da yawa, balle biyan kuɗin shiga rumbun da ake biya da dala. Manhajoji sun shigo, CDS/ISIS ta UNESCO da TINLIB da jami'o'in tarayya suka samu a shekarun 1990, amma kowa a cikin ɗakinsa yake aiki. A ganina nan gizo yake saƙa: lokacin da ake gina rumbun da duniya ke kwafa daga gare shi yau, masu jin Hausa da ke da littattafan a gabansu ba su da hanyar sa baki.

Ga yadda abin yake a kan tebur. Ɗan littafi ne mai shafi arba'in da wani abu, danshin Legas ya sa ƙarfen ɗinkinsa ya yi tsatsa har ya ci takarda, gara ta lashe gefe guda. Bayanin da aka sauko da shi ya ce 1950 da 'yan kai. Juya bangon baya, sai ga farashi da kwabon naira, ba tsohon kwabon zamanin fam ba. Naira da kwabo sun fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 1973, ke nan wannan bugun ba zai riga wannan shekara ba. Da na farko ne, da sule da sisi za ka gani. Wanda ya kwafa bai duba ba ya ƙara wa littafin shekara ashirin, kuma mai bincike da zai taso daga Kano ko Ibadan don ganin bugun farko ya yi asarar kuɗin mota.

Matasan ma suna da hujja mai nauyi. Damina ba ta jiran kowa, kuma kwalin da ba a yi wa rajista ba shi ne yake fara ɓata. Abin da wasunsu suka koma yi yanzu shi ne su sauko da bayanin, su ajiye littafin kusa da allon kwamfuta, su gwada shekara da yawan shafi da maɗaba'a da farashi, su maido da haruffa masu lanƙwasa, su rubuta hatimi ko sunan malamin da ya mallake shi a gurbin da MARC ya ware wa bayanin kwafen gida. Inda aka tsaya har yanzu shi ne wa zai biya kuɗin da gyaran zai koma rumbun da aka ɗauko bayanin.