Hana jariri barcin rana ba ya sa shi barcin dare

A gidajen Birnin Kebbi da Argungu, sau da yawa za ka ji kaka ta ce wa maijego: "Tashe shi, 'yar nan, in ya yi barci yanzu da dare ba ki runtsawa." Sai a yi ta jijjiga yaro yana hamma yana murza ido. Wannan kuskure ne. Jaririn da gajiya ta yi wa yawa jikinsa ƙara tashi yake, ya yi ta rigima, ya riƙa farkawa cikin dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 jariri yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a dare da rana. A wannan lokaci bai ma gama bambance dare da rana ba. Daga wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Yawanci mai wata biyar kan yi barcin rana sau uku, mai wata tara sau biyu, mai shekara ɗaya da rabi sau ɗaya bayan azahar.

Inda kaka ke da gaskiya, ni a ganina, shi ne dogon barcin dab da magariba. Wannan kam kan jinkirta na dare, sai a taƙaita shi.